Don Allah Kada Mai Tari Ta Ci Zaɓe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zaɓen Gadar da Gari Ya Fi So, tare da Mataimakinsa, da Mataimakin Mataimakinsa, da sauran manyan da ke zama a kujerun gaba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, da tambayar lafiyar iyali, da ban gajiyar zaman taro, wanda na ji an ce kuna yin sa ba ji ba gani saboda mu, ina roƙon a ba ni aron kunne na ɗan lokaci. Ni mai ɗinki ce. Shagona yana bakin 'yar gadar ƙafar nan da kuka rubuta a ƙarshen jerin 'yan takararku. A wurinku tana da dogon suna mai lambobi, mu kuwa Mai Tari muke ce mata, saboda irin ƙarar da katakonta ke yi in an turo baro a kai.

Na san wasiƙu sun yi muku yawa, kowa yana roƙon tasa gadar ta ci. Tawa ba za ta wahalar da ku ba, domin ni roƙona shi ne tamu ta sha kaye.

Kafin in shiga koke-koke, yabon gwani ya zama dole. An daɗe a garin nan ba a tambaye mu ra'ayinmu a kan komai ba. Ba a tambaye mu ba da aka kwashe tashar mota aka kai ta bayan gari. Ba a tambaye mu ranar da muke so famfo ya riƙa kawo ruwa ba, shi ya sa yake zaɓar ranar da ba ma gida. Sai ga shi rana tsaka hukuma ta durƙusa tana tambayarmu wace gada muka fi so. Wallahi har kunya ta kama mu, muka rasa inda za mu sa kanmu. Allah ya saka da alheri. Ga 'yan abubuwan da suka rage.

Na farko. Mu a garin nan mun san abin da ake yi wa wanda ya ci zaɓe, domin gani ya kori ji. Bara waccan aka yi zaɓen agogon da gari ya fi so, na bakin kasuwa ya lashe. Ba a jima ba aka zo da mota aka kwance shi, aka ce za a kai shi a goge. Har yau ana gogewa. Sandar tana nan tsaye, mutane kuma ba su daina ɗaga kai in sun zo wucewa ba, su ga sama kawai su ci gaba da tafiyarsu. Bara kuma aka yi na bishiya. Wadda ta ci ita ce ta gaban asibiti, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma su miƙe ƙafa, masu gyaran takalmi su baza kayansu. Aka karrama ta. Aka shafe gindinta da farin fenti, aka kewaye ta da shingen ƙarfe, aka kafa allo mai ɗauke da sunanta cikin wani harshe da ita kanta ba ta taɓa ji ba, aka ajiye mata mai gadi. Yanzu masu jinya suna tsaye a rana suna leƙen inuwa ta tsakanin ƙarafa. Mai gadin dai, in gaskiya za a faɗa, ya yi fes, ya murmure.

An ce mini waɗancan kwamitocin daban suke da naku, kuma na yarda. Kamannin fuskokin da na gani a hotunan jarida sun ɗan yi yawa, amma Allah mai iko ne, yana halittar mutane iri ɗaya. Sai dai masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ba ni da gemu, amma ina da gada a ƙofar shago.

Na biyu. Da kuka sa sunan Mai Tari a jerin, mu dariya muka yi. Kowa ya san cike gurbi aka yi da ita, yadda ake gayyatar maƙwabci taro don kada ya ce ba a gaya masa ba. Babu wanda ya yi niyyar kaɗa mata ƙuri'a, domin mu ne masu zaginta safe da yamma. Ta cinye mana dunduniyar takalma, ta haɗiye mana makullai ta tsakanin katako, ta yage mana bakin zane da kan ƙusa. Sai kuka shirya muhawara a gidan rediyo, kuka miƙa wa wani mai goyon bayan Sabuwar Gada abin magana, ya buɗe baki ya ce wai tamu ba gada ba ce, tsani ne aka kwantar a kan rafi aka manta da shi. Ranka ya daɗe, ka san halin mutane. Mutum ya zagi ɗansa da safe, amma in maƙwabci ya taya shi da rana, sai an shiga tsakani.

Ƙanena mai aski ne, shagonsa yana kallon nawa. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin ya bi layi don wani abu ba, amma a ranar ya naɗa kansa daraktan yaƙin neman zaɓen Mai Tari, har sunan ya bi shi. 'Ya'yan cikinsa ma yanzu Darakta suke ce masa. Dabararsa ɗaya ce tal. Ya zaunar da mutum, ya lulluɓe shi da ƙyalle, ya shafa masa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa, sannan cikin ladabi ya tambaye shi wace gada ya fi so. Har yau ba a samu wanda ya ambaci wata ba. Kafin a goge kumfar, mutum ya ciro waya ya aika ƙuri'arsa. Matan unguwa suka ɗauka, masu baro suka ɗauka. Tsohuwar nan mai sayar da kayan lambu, wadda ta rantse ba ta ƙara taka gadar tun ranar da ta zubar mata da tire, ta kaɗa da wayarta, ta kaɗa da ta jikarta, ta kaɗa da ta wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya.

Sai da muka yi wa kowa fintinkau, sannan kuka sanar da kyautar wanda ya ci. Me ya hana a faɗa tun farko? Ana sa mutum gudu ne, sai ya kusa isa a gaya masa abin da ke jiransa a ƙarshen hanya?

Na uku, kyautar kanta. Na ji a rediyo ban gaskata ba, sai na rufe shago na tafi ofishinku in gani da idona. Ofis ne mai kyau, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ga fanka tana juyawa, ga kujeru masu taushi waɗanda aka ce na baƙi ne amma ba irina ba, ga zanen yadda za a mayar da gadar da ta ci, an sa shi cikin gilashi a bango. Na tsaya na ƙare masa kallo. Za a rufe gadar har a gama aiki, kuma ba a rubuta ranar gamawa ba, wanda na ɗauka tsoron Allah ne ya hana. Za a cire ƙarafan dafawa na gefe da gefe, waɗanda zanen ya kira tsofaffin ƙarafa marasa fasali, a maye gurbinsu da siririyar sarƙa mai lanƙwasa daga tukunyar fure zuwa tukunyar fure. Za a sa fitilu masu canza launi. A tsakiya kuma za a keɓe wurin tsayawa a ɗauki hoto.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutanen da aka zana a kai. Dukkansu dogaye ne sirara, kowa hannunsa a aljihu, kowa yana murmushi. Babu mai kaya a ka, babu mai goyo, babu mai tura baro, babu tsoho, babu wanda ya makara. Akwai wata ma riƙe da laima, alhali a zanen babu ruwa babu rana. Ranka ya daɗe, a ina kuka samo su? In da su za a kawo mana gadar, a gaya mana da wuri mu nema musu masauki. Tun ina sabuwar aure nake zaune a bakin Mai Tari, keken ɗinkina yana fuskantar ta, ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ya wuce ba.

Ita tambayar ma da kuka yi mana, da na zauna na yi tunani, akwai gyara a cikinta. Talaka ba ya zama yana son gada, hawa yake yi. Wadda ke kai shi aiki ta dawo da shi gida ita ce tasa, ko da katakonta yana tari. Abin ya zama kamar a tambayi mutum wace ƙafarsa ya fi so, in ya nuna ta dama a ce madalla, za a yi mata ado a rataye ta, ya daina takawa.

Na huɗu. A nan zan ɗan ajiye wasa, a yi mini afuwa. Maigidana kafinta ne. Shagonsu yana tsallaken rafi, shi da abokin aikinsa da ake ce wa Dogo. Tun suna samari suke jan zarto ɗaya. Bara da damina ya faɗi a gaban teburin aikinsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mutumin da ke saɓa ƙyauren ƙofa a kafaɗa ya hau bene da shi, sai ga shi ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Magana ma sai da ta yi tafiya ta dawo, kuma ba duka ta dawo ba. Yanzu kalma biyu uku yake yi ya huta. Da ma can ba mai surutu ba ne, ni nake yi mana mu biyu, don haka ta wannan fannin gidan bai ji bambanci sosai ba.

Likitar da ke koya masa tafiya ta gaya mini a gabansa, ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Mama, in ya zauna, ya zaunu ke nan. Kullum ya taka, ko yana so ko ba ya so." To ba ya so. Tsakar gida ya ƙi, wai shi ba kaza ba ne da zai yi ta zagaye wuri ɗaya. Na lallaba, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza. Har wata safiya Dogo ya tsaya a tsallake ya ɗaga wata kujera da ya harhaɗa, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ya ƙwala masa kira ya ce, "Maigida, dubi aikina tun da ka tafi!" Na tabbata da gangan ya yi ta haka. Maigidana yana zaune a ƙofar shagona ya dubi kujerar nan, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ce in kawo masa takalminsa.

Tun daga ranar, kullum da safe yake haye Mai Tari. Daga gida zuwa bakin gada da sanda yake zuwa, amma a kan gadar sanda ba ta da amfani, ramukan katako cafke ta suke yi, sai ya bar mini ita a shago. Hannun dama ne mai aiki. In zai tafi, ƙarfen dama yake kamawa. In zai dawo ya kama ɗayan, wanda a lokacin shi ne ya koma damansa. Ka ga ke nan duka biyun yake bukata. Ya matsar da hannu, ya ja ƙafar hagu, ya matsar, ya ja. Masu baro sun san shi, suna dakatawa. Masu sauri su raɓa ta gefe su gaishe shi. Ni kuwa ina kan keke ina yi kamar ɗinki nake, alhali na sha ɗinke bakin hannun riga ruf saboda idona ba ya kan allura. In ya isa, Dogo ya ba shi benci da guntun katako, ya yi ta gogewa da hannu ɗaya yana nuna wa kowa kuskurensa da haɓa. In rana ta take ya dawo, ya ci abinci da kyau, ya yi barci irin na wanda ya je aiki.

Ƙarfen nan da zanenku ya ce ba shi da fasali, in ka zo ka duba samansa za ka ga ya yi sumul yana ƙyalli, babu fenti babu tsatsa. Hannuwa ne suka goge shi, kuma ba na maigidana kaɗai ba. Akwai masu ciki, akwai masu ciwon gwiwa, akwai masu jiri. Sarƙa kuwa, in mutum ya ba ta nauyinsa, tafiya take yi da shi. In kuma an rufe gadar, hanyar da ta rage ita ce ta Gadar Sama, sai an shiga mota an zagaye rabin gari, kuma wanda aka ɗauka a mota ai ba tafiya ya yi ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ga yadda ya koma a watannin da ya yi a zaune yana kallon bango, ba na son in sake gani.

Na biyar. Kada a ce na naɗe hannu ina jiran kwamiti. Da Darakta na fara. Na same shi a shago na zayyana masa komai, ya saurara har idonsa ya kawo ruwa, domin yana ƙaunar mijin yayarsa. Sannan ya ce, "Yaya, na ji, wallahi na ji. Amma yanzu in muka ja da baya, mutanen Sabuwar Gada za su ce ashe tsanin ne." Ya yi mini alkawarin in an ci zai shiga da kansa ya yi magana da manya, shi da ko ɗan sanda ya zo aski hannunsa rawa yake yi.

Sai na buɗe nawa yaƙin ni kaɗai, na ɓata sunan gadar. Duk wadda ta zo awo sai na riƙe ta da tef a ƙugu na karanta mata laifuffukan Mai Tari kafin in sake ta. Har rediyo na buga waya, a shirin da ake jin ra'ayin jama'a. Na ce gada ce mai rawa. Na ce in masu jiki biyu suka haɗu a tsakiya sai ɗaya ya karkace. Na ce da damina santsi, da rani tari. Na ce akwai katako ɗaya da kowa a unguwa ya san ba a takawa, har jariri a goye yana ɗaga ƙafa in an zo wurin. Na ce a kanta maigidana ya fara tare ni da magana saboda babu wurin kaucewa, ga shi har yau ban kauce ba. Wannan na ƙarshen suɓul da baka ne. Mai gabatar da shirin ya yi ta dariya har ya sarƙe, ya ce bai taɓa jin wanda ya yabi gada da irin wannan ƙauna ba. Washegari aka sake sa muryata, aka kuma sakewa. Mutanen da ba su taɓa sanin akwai rafi a bayan unguwarmu ba suka fara zuwa neman katakon da ba a takawa, su taka shi, a ɗauke su hoto. Ƙuri'u suka yi tashin gwauron zabo. Darakta ya aiko mini da lemo da saƙon godiya, ya ce in ina so akwai muƙamin kakaki a buɗe.

Kokena a nan, wane irin zaɓe ne wannan da kushe ke komawa ƙuri'a? Kuma me ya sa kuka ba mu hanyar zaɓen gadar da muka fi so, ba ku ba mu hanyar zaɓen gadar da muke so a ƙyale mana ba?

Na shida. Na koma ofishinku in janye ta daga takara. Sakatarenku mutum ne mai fara'a, Allah ya ƙara masa. Ya ce ba a janye ɗan takara sai mai shi ya nema. Na ce wa ke da gadar, ya ce gari. Na ce a ina zan samu garin, ya ce gari ai jama'a ne. Na ce to ga ni, jama'a ce ni. Ya ce jama'a ta riga ta yi magana ta hanyar ƙuri'a, kuma kwamiti ba ya tsoma baki cikin abin da jama'a ke so. Na yi godiya na fito, ina ta mamakin yadda ashe ni ce na hana kaina.

Tunda haka ne, bari in yi wa sauran 'yan takara talla kyauta. Ga Gadar Sama, babu mai taka ta da ƙafa. In an jera mata furanni, direbobin da ke tsufa cikin cunkoso a kanta za su samu abin kallo. Ga Sabuwar Gada, wadda tun da aka buɗe ta take jiran wani ya so ta. Tana ma da fitilunta, saura a kunna. Mutanenta suna son kyautar nan kamar ransu, a ba su, mun yafe maganar tsani duniya da lahira. Ga kuma gadar jirgin ƙasa, wadda in kuka rufe ta don aiki, shi kansa jirgin ba zai ankara ba sai an aika an gaya masa. Kowacce a cikinsu ta cancanci sarƙa da tukunyar fure fiye da tamu.

Na ƙarshe, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya da sassafe ma'aikatanku suka zo yin shirin zagayen ƙarshe na zaɓen. Suka shimfiɗa ƙaton ƙyalle mai santsi a kan ƙarfen dama, daga tsakiyar gada har kusa da tsallake, suka naɗe shi da furannin roba da waya, an rubuta MUNA ALFAHARI DA KE da manyan baƙaƙe. A matsayina na mai sana'a, ba a kalmashe bakin ƙyallen ba, zai zare ba da jimawa ba, amma ba wannan ya kawo ni ba. Maigidana ya fito kamar kullum, ya bar mini sanda, ya kama ƙarfe. Ya kai tsakiya. Ya ɗora hannu a kan ƙyallen, ƙyallen ya zame, waya ta soke shi a tafin hannu. Ya janye, ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai ya tsaya.

Ka gane, ranka ya daɗe, gaba babu abin kamawa, ƙarfen hagu kuwa bai da hannun da zai kama shi da shi. Komawa baya ma ba juyi ne kawai ba a wurinsa. Dole sai ya saki wannan ƙarfen, ya juya, ya ratsa faɗin gadar zuwa wancan ba komai a hannu, faɗin nan da muke yi wa dariya saboda ƙanƙantarsa. Ya tsaya cak, baro a bayansa, masu ɗaukar hoto a gabansa suna cewa, "Baba, ɗan gusa kaɗan mana." Na taso da gudu, Dogo ma ya taso daga can. Muka rirriƙe shi muka dawo da shi gida kamar kaya, a gaban kowa. Jiya bai nemi takalminsa ba, yau ma bai nema ba.

Ina da almakashi, ranka ya daɗe, kuma yana ci. Daga kujerata zuwa ƙyallen nan ba nisa. Amma an rene ni da girmama hukuma, ga kuma Darakta ya zuba 'yan unguwa suna gadin alfaharin, don haka na bi ta hanyar da ta dace.

Ga roƙona. A kwance ƙyallen yau. In alfaharin ya zama dole, a rataye shi ta waje ya fuskanci rafi, ruwa ma ya san muna yi. Sannan a taimaka mu sha kaye. Ban ce a yi maguɗi ba, Allah ya tsare bakina. Na dai ce in wajen ƙirga hannun wani ya ɗan zame, akwai mace ɗaya a unguwarmu da ba za ta kai ƙara ba. In kuma an ƙaddara sai mun ci, to a karrama Mai Tari yadda ake karrama tsoho, a duba inda ke masa ciwo. A ɗaure notin da ya kwance, a canza ruɓaɓɓen katako, rabi-rabi don a riƙa wucewa, a bar mata ƙarafanta inda suke. Dogo ya ce zai yi aikin katakon, in dai akwai mai tsaya masa a kai.

In duk wannan ya saɓa wa tsarin kwamiti, akwai mafita ɗaya da ta rage. Na duba hotonku a jarida, ku da mataimakanku da masu ba ku shawara, na kuma auna gadar da tef ɗina, aikina ne. Kun isa. In kuka jeru kafaɗa da kafaɗa a gefen dama, daga bakin shagona har tsallake, babu gurbin da zai rage. Sai ku riƙa zuwa da safe ku tsaya, dogayen cikinku su ɗan rage tsawo, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana dafawa. In rana ta take ku koma ɗaya gefen. Tawa kafaɗar na ba shi ya ƙi, ya ce ba za a ga mace tana jan sa a titi ba, amma ta manya ba na jin zai raina. Abin da ake bukata kawai kada ku motsa daga inda kuke, wannan kuwa na san ba zai yi wa kwamiti wuya ba.

Ɗazu na karanta masa wasiƙar nan tun daga sama, domin ban saba yin abu a bayan idonsa ba. Bai yi dariya a wuraren da na sa ran zai yi ba. Da na gama, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce a hankali yadda yake yi, "Ki gaishe su." Ya huta. Ya ce, "Ki ce musu... gobe zan fito."

To na gaishe ku, kuma na faɗa. Zan kawo wannan takarda ofishinku da hannuna kafin ku tashi aiki, kwafinta kuma ya tafi jarida. Gobe da safe zai bar mini sandarsa ya kama ƙarfe, ni kuma zan zauna a kan keke in yi kamar ɗinki nake. Abin da hannunsa zai tarar a tsakiyar gada, wannan yana wurinku.

Allah ya ja zamanin kwamiti, ya ƙara masa basira a kan wadda yake da ita, ya ba sauran gadoji nasara a kanmu.

Taka mai biyayya a sarari da ɓoye,

Mai ɗinki,
shagon farko a bakin Mai Tari.